Shagon kwamfuta na bakin tasha: ya iya aiki, ya iya jinkiri, kuma ba ya bari ka sa opposite inda ba muhallinsa ba

Jama'a masu tambayata wa ya yi min sabon allon shago da littafin rasit, bari in amsa muku a dunƙule in huta. Ban je Kano ba, a nan gida aka tsara komai, a shagon kwamfutar nan na bakin tasha a garin da muke cin kasuwa kan hanyar Ringim zuwa Gujungu, wanda ke yin fotokwafi da hoton fasfo da katin biki. Sunan shagon da na mai shi ba zan sa ba, don akwai yabo a maganata akwai kuma ƙorafi, kuma mutum ne da muke tsayawa sahu ɗaya ranar Juma'a. 'Yan yankin dai sun gane wanda nake nufi, Malam za mu ce masa kamar yadda kowa ke kiransa.

Ni kayan noma nake sayarwa, taki kamfa da yuriya, da iri, da maganin feshi, in kaka ta yi kuma in ɗan taɓa sayen riɗi da zoɓo. Wani zai ce to kai da duk masu sayenka manoma ne 'yan garinku, me ya haɗa ka da adireshi da Turanci? Ai kuwa akwai abin da ya haɗa mu. Manoma ko cikin dare sun san ƙofar shagona, amma mai kawo min kaya daga kamfani bai sani ba, kuma sau da yawa direban ko yaron motar ɗan kudu ne ko "zo" ba ya ji, takarda kawai aka miƙa masa a Kano aka ce kama hanya. Banki ma in ka cike fom sai su turo yaro ya zo ya ga wurin da idonsa, kuma da abin da ka rubuta zai nemo ka. Ga rajistar kasuwanci ta hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, wadda tun 2024 da aka matsa wa masu POS sai sun yi, kowane mai ɗan shago ya fara neman yadda zai rubuta inda yake. Mu kuwa garuruwanmu gida babu lamba, lungu babu suna, lambar nan mai alƙaluma 6 ta gidan waya ban taɓa haɗuwa da wanda ya haddace tasa ba. Adireshin ɗan ƙauye kwatance ne kawai, masallaci, firamare, gidan mai, taransifoma, ƙarfen sabis, kuma duk nauyin kwatancen yana kan 'yar kalmar da aka sa kafin sunan wurin.

Shagon kansa ba wani abin kallo ba ne. Ɗaki ɗaya da rumfar kwano a waje, benci biyu, kwamfuta biyu, firinta mai kala, injin fotokwafi babba da ke ƙara wa ɗakin zafi, da farin ƙyalle a bango na ɗaukar fasfo. Yana da sola wadda ke riƙe kwamfutocin da ƙaramar firinta, amma babban injin sai an tada janareta, saboda haka in aikinka shafi biyu ne kuma babu wuta sai ka jira a taru. Kati, rasit, sitika, kalanda, takardar yarjejeniyar gona ko fili, duk a nan yake bugawa. Fileks babba, wato ledar da ake buga allon shago a kanta, shi ne ba shi da injinsa, a manhajar zane ta CorelDraw yake tsarawa ya tura Kano ta WhatsApp a buga a ba direba ya kawo tasha. Wannan tun farko ya faɗa min bai ɓoye ba, ba kamar wasu ba da za su nuna maka kai ka ce injin yana bayan labule.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba ya karɓar takarda a hannunka ya hau bugawa. Sai ya yi maka tambaya kamar alƙali. Da muka zo kan adireshi ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ka tsaya a ƙofar shagonka ka ba ciki baya, me kake gani?" Na ce titi, sai masallacin Juma'a a tsallake. Ya ce, "Ƙofarka tana kallonsa sak, ko sai ka karkata wuya?" Na ce sak. Ya ce to kai opposite ne, ya rubuta Opposite Juma'at Mosque. Sannan ba tare da na roƙe shi ba ya shimfiɗa rula a tsakiyar tebur ya ce wannan ce kwalta, ya ajiye hatimi a gefe guda ya ce wannan masallaci, ya ajiye wayarsa a ɗaya gefen rular ya ce ga shagonka, suna kallon juna akwai hanya a tsakani, shi ne opposite. Sai ya ɗauke wayar ya tsallakar da ita ya dire ta dab da gaban hatimin ya ce yanzu kuma ka zama in front of, gefenku ɗaya da masallacin, kana ƙofarsa, kamar mai turare da asuwaki da ke baza tabarma a bakin ƙofa ranar Juma'a, shi ba ya tsallaka komai.

Wallahi bayanin bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba amma ya zauna min. Kuma da na koma ina duba allunan da ke jere a kasuwa sai na ga rabinsu sun cakuɗa biyun. Akwai mai kemis da ya rubuta in front of gidan mai alhali sai ka tsallaka kwalta biyu ma ka kai gare shi, akwai mai cajin waya da ya rubuta opposite tasha alhali kwantenarsa tana jingine da katangar tashar. Ɗan gari ba ya karanta allo shi ya sa babu wanda ya damu, baƙo ne zai faka mota ya yi ta dube-dube a gefen da ba nan ba.

Ni a ganina daga Hausarmu abin ya samo asali, kuma Malam ma haka ya ce. Kalmar "gaba" a bakinmu tana ɗaukar kaya da yawa. In mutum ya ce maka yana gaban gidan mai, zai iya zama yana tsaye a bakin famfo, zai iya zama yana tsallake yana kallonsa, zai kuma iya zama ya wuce shi da tafiyar minti biyar, wato gaba da shi. Mu muna ganewa daga yadda aka faɗa, ko a ɗaga hannu a nuna, ko a ƙara da "in ka wuce kwalbatin". Turanci kuwa kowanne da kalmarsa, na farko in front of, na biyu opposite, na uku after ko just past. To wanda ya ɗauki "gaban" ya juya ta kai tsaye kullum in front of zai rubuta ko da ba ita ba ce. Haka "daura da" ɗin nan da masu talla a rediyo suke so, wani in ya ce daura da gefe yake nufi, wani kallo yake nufi, sai ka je wurin ka gane wanne ne.

Sai kuma rigimar kalmar to ta Turanci. Duk inda ka duba a yankin nan Opposite to ake rubutawa, Opposite to Central Mosque, Opposite to Police Station, har wasu su rubuta Opposite of. Malam ba ya buga wannan sai dai in ka nace kuma ya ce da bakinka ka ce. Ya ce in wuri ake kwatantawa opposite ita kaɗai ta wadatar, the shop is opposite the mosque, shikenan babu wani to a tsakani. Opposite of kuma wata magana ce daban, ta kishiyar abu ce, kamar a ce hot is the opposite of cold, zafi kishiyar sanyi ne, to in ka rubuta shagonka opposite of masallaci kamar cewa ka yi shagonka kishiyar masallaci ne, Allah ya kiyaye. Nan duk wanda ke benci sai da ya yi dariya. Ya ƙara da cewa mutanen Amurka sun fi cewa across from, mutanen Ingila opposite, mu kuma Turancin makarantunmu na Ingila ne saboda haka opposite ta fi zama a idon mai karatu a nan, kuma in wuri ya yi ƙaranci a kati Opp. da ɗigo ta isa kowa ya gane.

Wanda ya fi ba ni sha'awa ba ma nawa aikin ba ne. Ina zaune ina jiran a gama min tsarin rasit sai ga wani dattijo da ɗansa matashi sun zo buga katin ɗaurin aure. Angon yayan yaron ne, a Fatakwal yake aiki, abokan aikinsa za su zo kuma yawancinsu ba Hausawa ba ne, shi ya sa ake so bayan katin ya zama da Turanci. Yaron ya miƙo rubutu a waya, an sa gidan adjacent to makarantar firamare. Malam ya juya wajen dattijon ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, katangar gidanku tana jikin ta makarantar?" Dattijo ya ce, "A'a ɗana, sai ka tsallaka kwalta, kuma ba saitinta ba ne, ɗan gaba kaɗan ta wajen gabas." Malam ya ce to ba adjacent ba ne. Yaron ya ɗan ɓata rai, da ganinsa ya yi sakandare kuma shi ya rubuta, ya ce, "Malam ai haka kowa ke cewa, in abu yana tsallake a karkace adjacent ne, in yana saiti opposite." Malam bai yi masa faɗa ba, ya jawo wani tsohon ƙamus da bangonsa ya yage an liƙe da salatif, ya buɗe ya tura masa ya ce karanta da kanka ƙanena. Adjacent to ma'anarta kusa dab, gefe da gefe, maƙwabcin da babu wani gini tsakaninku, daidai take da next to ko beside. Ya ce wannan fahimtar ta cewa adjacent karkatacciyar opposite ce ta yaɗu a ƙasar nan sosai har masu digiri suna yi, amma baƙon da ya san kalmar a gefen makarantar zai nemi gidan ba a tsallake ba. In kana so ka ce tsallake a karkace, akwai diagonally opposite, amma ya ce wannan ta yi nauyi a katin biki, sai ya rubuta musu across the road from the primary school, a ƙasa kuma ya sa da Hausa, tsallaken titi, gabas da firamare. Dattijon ya ce, "Yauwa, wannan na ƙasan shi ne magana."

Kuma gaskiyar baba ce. Ni har yanzu ban ga kwatancen da ya kai namu na gabas da yamma ba. Ɗan ƙauye ko cikin rijiya ka sa shi ya san alƙibla, in ya ce maka arewa da kasuwa to arewa ɗin ce, ba ta canzawa ko daga Ringim ka taho ko daga Hadejia. Su kuwa left da right sai ka san ta ina mutum ya ɓullo. Sai dai direban da ya taso a Legas in ka ce masa north of the market sai ya tsaya yana kallon sama, shi ya sa dole a koma wa su opposite ɗin.

Sauran ƙananan kalmomin ma yana da ra'ayi a kansu amma ba zan ja ba. Beside gefe ne, besides da s a ƙarshe kuma "ban da haka" take nufi, ya ce ya gaji da goge s ɗin nan a rubutun mutane. Near ba ta son to a allo, close ce ke tafiya da to. Behind bayan gini ne daga waje, at the back of kuma tana iya nufin can ƙuryar ciki, saboda haka mai injin niƙa da ke bayan katangar kasuwa behind the market ya dace da shi. Off kuma ya ce ita ce ta fi amfani ga mutanen lungu kuma ita ce ba su sani ba, in shagonka ba a bakin babban titi yake ba sai an ratse, to off Hadejia Road za ka rubuta, mai mota ya san zai sauka daga kwalta. Wanda ke bakin titin shi ne on Hadejia Road. Along da muke yawan sawa bai hana ba, ya ce kowa a Najeriya ya gane ta, amma on ta fi tsafta. Lamba at, titi on, gari in, haka yake rera wa yaransa kamar karatun allo. Kuma a jera daga ƙarami zuwa babba, alamar da ke kusa, titi, gari, ƙaramar hukuma, jiha. A nan ne ma ya nuna min wani tsohon hatimi da aka kawo masa a sabunta, an rubuta Ringim, Kano State, wato tun kafin a cire Jigawa daga Kano a watan Agustan 1991 ake buga shi a takarda babu wanda ya ce uffan.

Da na ba ƙanena labari, shi da ke tuƙa mota tsakanin Kano da Gumel, sai ya ce duk wannan iyayi ne. Ya ce shi shekara da shekaru yana kai saƙo bai taɓa tsayawa duba to ko of ba, matambayi ba ya ɓata, ka isa gari ka sauke gilas ka tambayi mai shayi, ko ka kira lambar da ke jikin kwalin, yanzu ma ga WhatsApp mutum ya turo maka inda yake a taswira. Ban ce ƙarya ya yi ba. Opposite to ba ta taɓa ɓatar da kowa ba, kuskure ne na ado kawai, wanda ya karanta ya gane. Amma adjacent a maimakon opposite, ko in front of a maimakon after, wannan ba ado ba ne, gefen titi guda ne sukutum aka canza. Kuma matambayi sai yana jin yaren wanda zai tambaya, sabis ɗinmu kuwa kun san halinsa, ranar kasuwa sai ka kira sau nawa kafin ta shiga. Sannan ni allo ba don direba kaɗai na yi shi ba, wakilin kamfani in ya zo duba ko za a ba ka kaya bashi, allonka da rasit ɗinka yake fara kallo kafin ya kalli buhunanka.

To yanzu ƙorafi, don kada a ce kuɗin talla aka ba ni.

Na farko jinkiri. Malam in ya ce maka jibi to ka ƙara masa wani jibin a zuciyarka. Wani ɓangaren ba laifinsa ba ne, fileks sai an bugo daga Kano kuma sai an samu direban da zai karɓo, amma wani ɓangaren wannan bayanin nasa ne mai daɗi. Mutum ɗaya zai tsaya yi wa darasin opposite da rula da hatimi alhali mutum shida na benci da takardun fotokwafi a hannu, har da mata masu goyo da suka zo daga ƙauye suna so su koma kafin la'asar. Tsohon malamin makaranta ne aka ce, kuma da gani alli bai sake shi ba. Lokacin rajistar jarrabawa ko in siyasa ta kama ana buga fosta kuwa kada ma ka je da ƙaramin aiki, ba zai ce maka a'a ba, zai karɓa ne ya ajiye a ƙarƙashin tulin takardu.

Na biyu, kuma shi ya fi ci min rai, mutumin da ke faɗa a kan s ɗin besides shi ne kuma ke sakin Hausa yadda ta ga dama. A tsarin farko da aka nuna min an rubuta Ingantaccen Iri da Maganin Kwari, k ɗin babu lanƙwasa, wato maimakon ƙwari masu cin amfanin gona ya zama kwari irin na gangare ko na zuba kibiya. Riɗi ya zama ridi, zoɓo ya zama zobo. Na ce, "Malam, Turancin Bature ka tsare masa haƙƙinsa, namu fa?" Ya yi dariya ya ce yaronsa ne ya buga, kuma yawancin salon rubutun masu kyau da ake sawa a allo ba su da ƙ da ɗ da ɓ, in ka sa sai su fito akwati-akwati ko su canza kama. Na yarda haka ne, amma ai akwai waɗanda suke da su, kuma da na nace cikin ɗan lokaci ya samo wanda ya ɗauka, ya fito tas. Ke nan iyawa ya iya, damuwa ce bai yi ba, kuma mutane ba sa tambaya. Duk wanda zai je ya sa ido a nan, musamman in yaran ne a kan kwamfutar ba shi ba, don su ko Turancin ma in Malam ya fita sallah abin da ka miƙa shi za su buga maka harafi da harafi.

Na uku ingancin fileks ɗin. Kala ta fito da kyau ranar da aka kawo, kore shar, hoton buhun taki kamar ka ɗauka. Amma allona yamma yake kallo, ranar la'asar tana dukansa kullum, kuma tun ba a je ko'ina ba jan ya fara komawa ruwan hoda. Maƙwabcina mai kayan masarufi da ya yi nasa a wurin tun bara, nasa ya koɗe sosai sai baƙin rubutun ya rage. Malam ya ce akwai mai kauri da ya fi jure rana amma ya fi tsada, to ai da sai a faɗa wa mutum tun farko ya zaɓa, ba sai ya dawo da ƙorafi ba. In da zan ba da shawara, wanda allonsa ke cikin rana ya sa rubutu baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari, ya rage hotuna, ko kuma ya kai tsarin da Malam ya yi wa mai fenti ya zana masa a farantin ƙarfe, adireshin dai ya riga ya gyaru.

Rasit ɗin kuwa ba ni da abin cewa. Takarda mai kyau, mai kwafi a ƙasa ba sai ka sa kabon ba, lambobi a jere babu tsallake, an ɗinke shi da kyau ba ya zubewa. Sitikar da na liƙa a jikin famfunan feshi ma ta kama, ruwa bai ɗaga ta ba.

Maganar kuɗi, fileks ƙafa-ƙafa ake lissafawa kamar ko'ina, kuma nasa ya ɗara abin da za ka biya in da kanka ka shiga Kano, tunda shi ma sai ya biya can ya biya direba ya ɗora nasa. Amma in ka haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa da wunin da za ka rufe shago, kusan duk ɗaya ne, wataƙila ma nan ya fi sauƙi. Akwai wani shagon a garin da ya fi shi araha kuma ya fi shi sauri, amma can ne aka buga wa wani Besides Filing Station da l ɗaya, araha ba ta ado. Kuɗin tsara zane ba ya karɓa daban in a wurinsa za ka buga, gyaran adireshi da darasin duk kyauta ne ko kana so ko ba ka so. Yana karɓar taransifa amma sai ya ga alat da idonsa kafin ya saki kaya, kuma rabin kuɗi ake bayarwa kafin a fara, ragi kuwa ɗan kaɗan ne, ba mutum ne mai son ciniki ya yi tsawo ba.

Wanda fotokwafi kawai zai yi ko fasfo na gaggawa, gaskiya ya je inda ya fi kusa da shi, babu abin da zai ƙaru da shi a nan sai zaman benci. Amma mai allon shago, mai katin biki da baƙi za su zo daga nesa, mai takardar kamfani, mai makarantar kuɗi ko Islamiyya da zai buga fom, wannan ya daure ya je wurinsa, kuma ya tabbatar Malam ɗin ne da kansa ya duba kafin a buga. Ku je da safe a ranar da ba ta kasuwa ba. Ku ɗauki hoton ƙofar shagonku da na abin da ke kallonta da na abin da ke gefenta a waya, zai rage muku rabin tambayoyin. In an gama tsarawa ku ce a fitar muku a ƙaramar takarda ku karanta a nitse, lambar waya ɗaya bayan ɗaya, Turancin da Hausar duka, don in fileks ya dawo daga Kano da kuskure babu mai mayar maka da kuɗi. Hatimin shago ne ya rage min a wurinsa, ya ce ranar Laraba.